Kafin ki sayi ɓera ko ɗaya: wa ke sa ido a kan dabbobin bincike a jami'a?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna ce ta aiko da tambaya. Za ta gwada ruwan ganyen sabara a kan fararen ɓerayen da aka sa wa ciwon suga, sai malamin da ke duba aikinta ya ce kada ta taɓa ɓera ko ɗaya sai kwamitin kula da dabbobin bincike ya ba ta lambar izini. Tana son ta san ko su waye wannan kwamiti, wa ya ba su iko, ko haka ake yi a ƙasashen waje, kuma ko ba ɓata lokaci ba ne a kan ɓera, abin da muke ɗana wa tarko a gida.

Ƙanwata, malaminki ya yi miki gata. Ni likitan dabbobi ne, na kuma daɗe ina zama a irin wannan kwamiti, kuma babu abin da ke ci mini rai kamar ɗalibin da ya gama aikinsa tsaf, ya yanka dabbobinsa, ya rubuta kundinsa, sannan mujalla ta dawo masa da takardarsa tana neman lambar izini, sai ya zo yana roƙon a ba shi lamba a mayar da kwanan wata baya. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya yin haka. Izini kafin aiki ake ba da shi, don amfaninsa duka shi ne a gyara tsari tun dabbar ba ta sha wahala ba. Saboda haka ki riƙe kuɗin ɓerayenki tukuna.

Bari in fara da inda abin ya samo asali, don ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowace doka a wannan fanni, wata ɓarna ce da ta fito fili ta haife ta.

Ingila ce ta fara yin doka a kan gwaji da dabbobi masu rai, a 1876, bayan jama'a sun tayar da jijiyar wuya kan yadda ake feɗe karnuka da ransu a azuzuwan koyar da likitoci. Amurka kuwa sai da ta ƙara shekara 90 kafin ta yi tata. A 1965 aka sace wata karya mai suna Pepper daga wata gona a jihar Pennsylvania. Masu ita suka yi ta bin sawu daga wannan dillali zuwa wancan, amma kafin su cim mata an riga an sayar da ita ga wani asibiti a New York, ta mutu a gwajin na'urar daidaita bugun zuciya. A watan Fabrairun 1966 mujallar Life ta buga hotunan karnuka ƙashi da rai a gidan wani dillalin da ke sayar wa ɗakunan bincike. Wasiƙu suka yi ta kwarara majalisa, kuma a watan Agustan shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar walwalar dabbobin bincike.

Kwamitin da kike tambaya a kansa ya zo ne daga baya, shi ma da nasa dalilin. A 1981 'yan sanda suka shiga wani ɗakin bincike a garin Silver Spring da ke jihar Maryland, suka kwashe birai 17. Mai binciken, Edward Taub, yana yanke jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga hannun biri zuwa ƙwaƙwalwa, don ya ga ko birin zai sake koyon amfani da hannun. Biran da ba sa jin hannuwansu suka riƙa cizon yatsunsu, ga raunuka, ga ƙazantar keji. Kotu ta same shi da laifi da farko, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1983. Abin da ya sa nake yawan ba ɗalibai wannan labari shi ne, binciken nasa ba na banza ba ne: daga cikinsa aka samo wata hanya da ake bi yau wajen farfaɗo da hannun masu shanyewar ɓarin jiki. Ilimin yana da amfani, kulawar kuma ta gaza, kuma amfanin bai wanke gazawar ba. A 1984 kuma aka fitar da faya-fayen bidiyo daga Jami'ar Pennsylvania, inda ake yi wa gwaggon birai rauni a ka don nazarin buguwar ƙwaƙwalwa, har gwamnati ta dakatar da kuɗin aikin a 1985. A wannan shekara ta 1985 majalisar Amurka ta yi dokoki biyu da suka wajabta wa cibiyoyin bincike kafa kwamitin kula da dabbobi, wanda ake taƙaita sunansa da IACUC. Mafi yawan kwamitocin jami'o'inmu wannan samfuri suka ɗauko.

Ga yadda yake a can. Duk jami'ar da ke karɓar kuɗin bincike daga hukumar lafiya ta NIH sai ta kafa kwamiti mai aƙalla mutum 5: likitan dabbobi, masanin da ke aiki da dabbobi, wani wanda ba ɗan kimiyya ba, da wani wanda ba shi da wata alaƙa da jami'ar. Wannan mutum na waje yana iya zama limami ko lauya ko malamin makaranta mai ritaya, kuma shi ne idon jama'a. Na ga amfaninsa a zama da yawa, don shi kaɗai ne ba ya jin nauyin tambayar da masana suka daina yi wa juna: "To ita dabbar, me za ta ji a wannan lokacin?" Kwamitin yana da ikon amincewa da aiki, ko ya ce a gyara, ko ya hana, ko ya tsayar da aikin da aka riga aka fara. Abin da ya hana, ko shugaban jami'a ba shi da hurumin halatta shi. Duk wata 6 sai membobin sun zagaya ɗakunan dabbobi da ƙafarsu, duk shekara 3 kuma sai an sake bitar aiki daga tushe. Ban da su, akwai sufetocin ma'aikatar gona da ke zuwa ba sanarwa aƙalla sau ɗaya a shekara, akwai kuma wata ƙungiya mai zaman kanta, AAALAC, da aka kafa a 1965, wadda jami'a ke gayyata da kanta ta zo ta tantance ta.

Amma kada ki ɗauka tsarin nasu ba shi da ɓaraka. Dokar ta 1966, duk da gyare-gyaren da aka yi mata, ba ta ɗauki ɓerayen da tsuntsayen da aka hayayyafa don bincike a matsayin "dabba" ba, kuma a 2002 majalisa ta rubuta wannan togaciya ƙarara a cikin dokar. Kifi da kwaɗi ma ba sa ciki. Alhali ɓera da kifi su ne mafi yawan abin da ake gwaji da su. Abin da ke kare su sharaɗin kuɗin NIH ne, wanda ya shafi duk dabba mai ƙashin baya. Inda babu wannan kuɗi, sai abin da cibiya ta ɗora wa kanta. A ganina wannan babban giɓi ne, kuma bai kamata mu kwafo shi ba. Akwai kuma batun sufeto ya gani, ya rubuta, a ƙi ɗaukar mataki da wuri. A 2022 aka kwashe karnuka kusan 4,000 daga gonar kamfanin Envigo a jihar Virginia, mai hayayyafa su don sayar wa masu bincike, bayan sufetoci sun shafe watanni suna rubuta laifuffukan wurin. A 2024 kamfanin ya amsa laifi, aka ɗora masa biyan sama da dala miliyan 35.

Ingila ta bi wata hanyar daban, kuma ta fi tsanani. Dokarta ta 1986 ta sa lamarin a hannun ma'aikatar cikin gida, kuma ba a taɓa dabba sai an haɗa lasisi uku: na wurin, na aikin, da na shi mai riƙe allurar. Lasisin aiki ba ya wuce shekara 5, kuma kafin a ba da shi sai an auna wahalar da dabba za ta sha da amfanin da ake sa ran samu. Dokar ta game duk mai ƙashin baya, har da wata halittar teku mai hannuwa takwas da ake kira oktofus. Kowane gwaji ana sa shi a matakin tsananinsa, mai sauƙi ko matsakaici ko mai tsanani, a kuma ƙirga a buga wa jama'a duk shekara. A 2023 an ƙirga gwaje-gwaje miliyan 2.68 a Biritaniya, kusan rabinsu hayayyafar dabbobin da aka sauya wa ƙwayoyin gado ne. Tarayyar Turai ma tana da dokarta ta 2010 da ke tafiya kan wannan turba. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ƙirgar. Wanda ya san dole ya ba da lissafin kowane ɓera, ba zai sayi 60 a inda 36 za su isa ba.

To a nan gida fa? Dokokin hukunta laifuka na Najeriya, na Kudu da na Arewa, sun haramta azabtar da dabba gaba ɗaya. Najeriya da Nijar kuma membobi ne a Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda kundinta ke da babi guda, na 7.8, kan amfani da dabbobi a bincike da koyarwa. Amma ba mu da irin tsarin Ingila na lasisi uku da sufetocin gwamnati masu zagaya ɗakunan dabbobin jami'o'i. Nauyin ya faɗo ne a kan kwamitocin cibiyoyi da kansu, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Ibadan, da na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Ikon kwamitinku daga hukumar jami'arku ya fito. Matsin lamba na biyu daga waje yake zuwa: masu ba da kuɗin bincike na ƙetare suna sa sharaɗinsu ya biyo kuɗinsu, mujallu kuma suna neman lambar izini da cikakken bayanin yadda aka kula da dabbobi, bisa ƙa'idojin ARRIVE da aka fitar a 2010 aka sabunta a 2020. Wannan ne ya sa ɗalibai da yawa suke ɗaukar abin a matsayin takardar da ake nuna wa edita kawai. Suna ganin lambar, ba sa ganin tambayoyin da ya kamata a amsa kafin lambar ta fito.

Tambayoyin kuwa sun ginu ne a kan ƙa'idoji uku da wasu masana biyu 'yan Ingila, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba da wani abu in zai yiwu, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Bari mu ɗora su a kan aikinki.

Za a fara tambayarki ko sai da ɓera. Sabara ba baƙuwa ba ce a ɗakunan bincikenmu, an yi rubuce-rubuce da dama a kanta. Kin karanta su? Me aikinki zai ƙara? Akwai gwaje-gwajen da ake yi a cikin kwalba, ba dabba, don a ga ko ruwan ganye yana rage aikin sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma suga. In kin tato ganyen ta hanyoyi huɗu, gwajin kwalba zai nuna miki wanne ya cancanci a kai ga ɓera, maimakon ki ɗura duka huɗun. Haka batun gwajin guba, wanda ake kira LD50, wato neman adadin da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. Tun 1927 aka ƙirƙiro shi, kuma tsohuwar hanyarsa tana cin dabbobi da yawa. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta soke ta a 2002, ta maye gurbinta da hanyoyin da ake farawa da dabbobi ƙalilan, a tafi mataki-mataki, a tsaya da zarar an samu amsa. In wani ya riga ya yi wannan gwaji da irin ganyenki da irin tatarki, ki kawo aikinsa hujja, kada ki maimaita don kawai kundin da kika gani a laburare yana da wannan babi.

Sai yawa. Kusan kowace takarda da ta zo gabana tana cewa rukuni 6, kowanne ɓera 5. In na tambayi dalili, amsar ita ce haka aka saba. Adadin ya kamata ya fito daga lissafi: wane bambanci kike son ganowa a sugan jini, kuma yaya ɓerayen suke sassaɓawa a tsakaninsu? Ki je wurin malamin ƙididdiga tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ki sani, ragewa ba yana nufin ƙaranci ko ta halin ƙaƙa ba. Na sha mayar da takarda in ce a ƙara dabbobi, don gwajin da ya yi ƙanƙantar da ba zai iya ba da amsa ba, duk ɓeran da ya mutu a cikinsa ya mutu a banza. A nan ne kuma za a tambaye ki yadda za ki rarraba su. In kika sa hannu a keji kina kamawa, marasa kuzari za ki fara kamawa, su taru a rukunin farko, sakamakonki ya karkace tun ba a ba da magani ba. Ƙuri'a ake yi. Wanda zai duba hanta da ƙoda a madubin ƙara girma kuma, kada ya san daga wane rukuni suka fito.

Sassauta wahala shi ne inda aikin yake, kuma nan ne zan daɗe. In da sinadarin alokzan za ki sa musu ciwon sugan, ki san cewa yana lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, wato sinadarin jiki mai rage sugan jini, kuma a sa'o'in farko insulin ɗin yana malalowa cikin jini gaba ɗaya, sugan ɓera ya faɗi warwas. Da yawa a daren farko suke mutuwa, sai a wayi gari a ce ɓerayen ba su da ƙwari. Ruwan gulukos a kwalbar shansu a yinin farko yana tsare wannan. Bayan ciwon ya kama, ɓera zai riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa yana fitsari ba iyaka, don haka garin katakon da ke ƙarƙashinsa kullum sai an sauya shi, kwalbar ruwa kuma a duba safe da yamma. Ɗura magani ta baki da bututun ƙarfe sana'a ce da ake koya a gaban wanda ya iya. Hannun da bai saba ba yana tura ruwa cikin huhu, ɓera ya shaƙe, a rubuta cewa ganye ne ya kashe shi. Auna suga ɗigon jini ɗaya daga bakin wutsiya ya isa. Ɓera mai nauyin giram 200 jininsa duka bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba, kuma ba a ɗibar fiye da kashi 10 cikin 100 a lokaci guda in ana son ya rayu lafiya.

Za a nemi ki rubuta, tun kafin ki fara, iyakar da in ɓera ya kai za ki cire shi daga gwaji ki hutar da shi, ba ki jira ya mutu da kansa ba. Abin da aka fi amfani da shi: in ya zubar da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya daina ci da sha, ko ya takure a lungu gashinsa a tsaitsaye. Ba kasafai ɓera ke kuka in yana ciwo ba, ɓoyewa yake yi, don a dawa wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Amma fuskarsa tana faɗa. Masana a Jami'ar McGill da ke Kanada sun fitar da ma'aunin karanta ciwo a fuskar ƙaramin nau'in ɓera a 2010, da na babban nau'i a 2011: ido ya ƙanƙance, kunnuwa su sauya tsayuwa, gashin baki ya sandare. Ki nemi hotunan ki manna a bangon ɗakin.

Sai ranar ƙarshe. Kundaye da yawa suna rubuta cewa an kashe dabbobin da kulorofom, wato a jiƙa auduga a jefa cikin kwalba a rufe ɓera a ciki. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, waɗanda mujallu da yawa ke bi, ba su yarda da shi ba. Yana cutar da wanda ke shaƙarsa a ɗakin, yana kuma illa ga hanta da ƙoda, su ne kuwa gaɓoɓin da za ki ciro ki duba. Likitan dabbobin kwamitin zai nuna miki maganin sa barcin da ya dace da adadinsa, da yadda za ki tabbatar rai ya fita kafin wuƙa ta taɓa.

Kin ce ɓera ne kawai, abin da muke ɗana wa tarko. Na fahimci tambayar, ba kuma ke kaɗai ke yin ta ba. Amma ɓeran da ya shigo rumbunki ɓarna ya zo yi, kina kare abincinki ne. Wannan kuwa, farin nan da ake kira Wistar, wanda asalinsa wata cibiya ce a Philadelphia tun 1906, ke kika sayo shi, ke kika rufe shi, ke kika sa masa ciwon da ba shi da shi. Ba ya iya neman ruwa sai wanda kika ba shi. Tun muna yara aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. An kuma karantar da mu cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har mai yanka an umarce shi ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An halatta mana amfani da dabba don bukata ta gaskiya, amma abin da ke cikin keji amana ne a wuyan mai makulli.

Ko da mutum ya ajiye tausayi gefe, ilimin kansa yana lalacewa in dabba tana cikin ƙunci. A 2010 Jane Hurst ta Jami'ar Liverpool ta nuna cewa ɗaga ƙaramin ɓera ta wutsiya yana sa shi tsoro da fargaba fiye da a bar shi ya shiga ɗan bututu a ɗauke shi a ciki. A 2014 masanan McGill suka gano cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar wa ɓera hankali har ya sauya yadda yake nuna ciwo. In warin riga yana sauya sakamako, ina ga ƙishirwa da zafi? Tashin hankali yana ɗaga sugan jini, sugan jini kuma shi kike aunawa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani ɗalibi ya zo ofishina a watan Afrilu hankalinsa a tashe, ya ce ganyensa yana da guba, ɓerayensa suna zubar da jini ta ido. Na bi shi. Ɗaki ne mai rufin kwano ba silin, taga ɗaya, fanka a tsaye don babu wuta tun safe. Ina buɗe ƙofa warin fitsari ya dake ni har idona ya kawo ruwa. Ɓerayen suna kwance rubda ciki a kan jiƙaƙƙen garin katako, sun shafe jikinsu da yawu, don ɓera ba ya gumi, haka yake sanyaya kansa. Kwalaben ruwa biyu sun ƙafe ƙaf. Jan da ke gefen idanunsu da hancinsu ba jini ba ne, wani ruwa ne da ɓera ke fitarwa in ya shiga matsi. Na tambaye shi wane rukuni ne ke mutuwa. Ya duba littafinsa, ya yi shiru, don har da waɗanda ruwa zalla ake ba su. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ta ce ɗakin ɓera ya kasance tsakanin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyos, wannan ɗaki kuwa ko mutum ba zai iya zaman rabin awa a ciki ba. Yaron yana da lambar izini. Mu muka ba shi, da sa hannuna a kai. A takardarsa an rubuta cewa za a ajiye dabbobin a yanayin da ya dace, muka karanta muka wuce, babu ɗayanmu da ya taka ya ga ɗakin. Aikin wata uku ya tafi, dabbobin sun sha azabar da ba ta cikin gwajin, kuma laifin namu ya fi nasa.

Tun daga ranar na daina yarda cewa karanta takarda shi ne sa ido. Ko a inda ake da kuɗi da ma'aikata, hukuncin kan takarda yana da rauni. A 2001 mujallar Science ta buga wani nazari da aka ɗauki takardun aiki 150 daga kwamitoci 50 a Amurka, aka ba wani kwamitin daban ya sake dubawa ba tare da ya san hukuncin farko ba, kuma a mafi yawansu hukuncin na biyu ya saɓa da na farko. Wannan bai sa na raina kwamiti ba, don na ga dabbobin da tambayoyinsa suka tsirar. Abin da ya koya mini shi ne, rabin aikin yana bayan sa hannu: ziyarar ba-zata, littafin da ake rubuta zafin ɗaki da nauyin dabba kullum, da kuma hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai ƙara ba tare da tsoron farfesa ba. A nan ne muke da sauran aiki. Mutumin da ya fi kowa sanin halin da dabbobin jami'a ke ciki shi ne mai share kejin, wanda ke zuwa da sassafe, wanda da ya leƙa ya san wanne ne bai ci abinci ba jiya. Sau da yawa ba a ba shi horo, ba a kuma gayyatarsa zaman kwamiti. In da ni ke da iko, da kujerarsa na fara ajiyewa.

Yanzu ga abin da za ki yi a wannan makon. Ki karɓi fom ɗin, ki cike shi da kanki, kada ki kwafi na wanda ya gabace ki. Ki miƙa shi da wuri, don kwamitoci da yawa ba kullum suke zama ba, kuma ki sa ran za a dawo miki da shi da gyara, wannan ba ƙi ba ne. In daga baya kika ga dole ki sauya adadin magani ko yawan dabbobi, ki koma ki nemi izinin sauyin kafin ki yi. In ɓerayen sun iso, ki bar su aƙalla mako guda su huce gajiyar hanya su saba da wurin. Ki tsara aikin ya kauce wa tsakiyar bazara in ɗakin ba shi da abin sanyaya shi. Kafin duk wannan, ki je ɗakin dabbobin da kanki da misalin ƙarfe 2 na rana, ki tsaya a ciki minti 10 da ma'aunin zafi a hannunki. Ki gaida mai kula da wurin, ki tambaye shi wa ke riƙe makulli ranar Asabar da Lahadi, wa ke zuwa ranar Sallah, kuma in aka shiga yajin aiki aka rufe ƙofar makaranta, wa zai shigo ya zuba musu ruwa. Sunan wannan mutumin da lambar wayarsa, ki rubuta su a cikin fom ɗin.